Tururuwa a Ludayi

Litinin, 10 ga Yuli, 2023. Tiga.

Ba zan bar gidana ba. Na fara rubuta wannan ne don duk ranar da na buɗe littafin nan shi zan fara gani.

Jiya da hantsi surukata ta zaunar da mu a tsakar gida, ni da mijina Surajo, ta ce tana da magana. Na ɗauka zancen idonta ne, tunda asibiti ne ya kawo ta Tiga daga rugarsu ta Doguwa. Ashe igiyar aurena ta zo tsinkewa. Wai ita ta shayar da ni ina jaririya. Wai ni da mijina, uban 'yata, nono ɗaya muka sha. Shekara bakwai muna tare, sai yanzu aka tuna ni ƙanwarsa ce.

Ga yadda ta kawo zancen. Ranar Asabar mun je bikin jikar Iya Baturiya, yayar mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke bayan Tudun Wada. Ni ce ma na matsa mata ta raka ni ta sha iska. Muna wuce zaure ta hango tsamiyar gidan da rijiya a gindinta, sai ta ja ta tsaya. Ta tambaye ni wa aka haifa a ɗakin da ke kallon rijiya. Na ce ni ce, a nan mahaifiyata ta yi jegona. Sai ta ce kanta na sara mata, ta koma mota ta zauna har aka watse. Ni kuwa wawiya har abinci na aika mata.

Wai a shekarar sun sauka da shanu a bayan ƙauyen, tana kawo tallan nono gidan da Surajo a goye. Aka yi haihuwar fari a gidan. Tsofaffi suka tatsi nonon mai jego a ludayi suka jefa tururuwa a ciki, yadda ake gwaji a da. Tururuwa ta mutu, aka ce nonon ba shi da kyau, sai an gyara shi da magani. Jaririya tana ta tsala kuka, sai aka ce, Bafulatana, ga ki da goyo, taimaka. Ta taimaka har aka yi suna. Da kaka ta yi suka tashi, ba ta sake bi ta wajen ba.

To sai me? Tsamiya nawa ce a ƙasar Kano mai rijiya a gindi? Kuma matar da ake ɗiga wa magani a ido safe da yamma ita ce za ta gane gidan da ta rabu da shi shekara talatin?

Surajo ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Shirun nan nasa ya fi maganarta ci min rai.

Daga yau na daina kiranta Inna, a baki da a nan. Turai sunanta.

Talata, 11 ga Yuli

Surajo ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure. "Har a tambayi malamai, Khairi." Na ce malamai nawa kake nema, ba ni ake ce wa Malama a unguwar nan ba? Bai yi dariya ba.

Alhamis, 13 ga Yuli

Turai ta tafi.

Matar nan kunya ce ta yi mata yawa, kuma kunyar tata ce ta ja mana. Surajo ɗan farinta ne, don haka ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "mutumin gidanki". Ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. Ranar aurenmu ma ba ta zo ba, wai uwar ɗan fari ba ta zuwa. Da ta ajiye kunyar nan ta zo gidan mariƙina Kawu Habu wurin bikin, sun haɗu da Iya Baturiya ido da ido, da tun a ranar an san abin da ake ciki.

Wato in akwai abin sani. Babu.

Da za ta fita ta tsaya a ƙofar kicin da ƙullin kayanta. Ina wanke tukunya, ban ɗago ba. Ta ce, "Malama, da zan iya haɗiye shi da na haɗiye. Na gwada, ya ƙi wucewa. Ni ce zan kwanta da shi a kabari." Na ci gaba da gurzar tukunyar da ta riga ta fita tas.

Ta bar wa 'yata Mubaraka kwalbar man shanu. Na ɗora ta can saman kanta. Ta narke a wurin in ta ga dama.

Lahadi, 16 ga Yuli

Mun je wurin Malam Sale, shugaban Islamiyyar da nake karantar da matan aure. Na bar Surajo ya yi bayani, amma ina gyara masa duk inda ya manta da "wai".

Malam ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce a hukunci maganar mace ɗaya, bayan an riga an ɗaura aure, kuma ba wanda ya taɓa jin zancen kafin nan, ba ta raba aure. Na ji kamar in yi guɗa. Na kalli Surajo don ya san ban faɗi ƙasa ba.

Sai Malam ya ce, "Amma." Malamai ba sa rasa amma. Wai an so mutum ya nisanci abin da ke da shakka. Na ce, "Allah gafarta Malam, an so daban, wajibi daban. A wurinka na koyi bambancin." Ya ce haka ne. Ya ce sai dai in ku biyun kuka gaskata da zuciyarku, to a nan babu sauran aure, ko da alƙali bai ji ba. Ya tambaya ko akwai wadda ta san zancen cikin masu rai. Surajo ya yi karaf ya ce Iya Baturiya.

To madalla. Ashe makullin yana hannuna. Muddin ban gaskata ba aurena yana nan, ni kuwa ban gaskata ba.

Laraba, 19 ga Yuli

An yi ruwa tun asuba. Ya tafi aiki bakin dam ba laima, ni kuma na ƙi miƙa masa. Wanda ya zaɓi zaure ya nemi laimarsa a zaure.

Na leƙa ta katanga har ya sha kwana.

Juma'a, 21 ga Yuli

Yau ba makaranta, sai tunani.

Mutumin nan da ake so in kalla a matsayin yaya. Ina budurwa ina taya Kawu Habu sayar da bandar kifi a bakin hanya, shi ya riƙe ni tun rasuwar iyayena. Sai ga wani dogon Bafulatani sabon ma'aikacin ruwa, kowace ranar kasuwa sai ya zo ya sayi tarwaɗa. Ba ya taya ciniki, ba ya kallon kifin. Kawu ya ce, yaron nan ko dai maye ne ko kuma ba kifi yake saye ba. Sai bayan an kai ni ɗakinsa na gane ko ƙaurin kifi ba ya so. Duk wanda ya saya masu gadin dam yake bai wa. Har yau in na dafa, sai ya daure ya ci loma biyu don kada in ce wani abu.

Wa ya sa masa wannan a zuciya? Wa ya sa min? Na yi istihara kafin in amsa masa, na ji natsuwa. Ban bi shi lungu ba, ban karɓi ko sisinsa a ɓoye ba. Ta ƙofa ya shigo, da waliyyi da shaidu da sadaki. In akwai wanda ya yi kuskure, tsofaffin da suka bar tururuwa ta yi musu aikin likita ne. Su sun mutu sun huta, ni za a ce in biya.

Ba Allah nake wa gardama ba. Astagfirullah. Mutane nake wa.

Litinin, 24 ga Yuli

Zance ya zaga gari. Ban san bakin da ya fitar ba, amma bango ma kunne gare shi.

Kuma kamar da gangan, karatunmu ya iso babin matan da aka haramta wa mutum ya aura. Na ga yadda suke taɓa juna da gwiwar hannu, suna jiran su ga Malama ta tsallake shafi. Ban tsallake ba. Na karanta da ƙarfi, na fassara, na maimaita: abin da jini ya haramta, nono ma ya haramta shi. Wata daga baya, da muryar nan ta munafunci mai laushi, ta ce, "Malama, ko sau ɗaya aka sha?" Na ce ko sau ɗaya, in dai ya isa ciki. Na kafe ta da ido har ta sunkuya.

Na dawo gida na ƙona tuwo.

Asabar, 29 ga Yuli

Akwai addu'ar da nake yi tun ina yarinya bayan kowace salla, cewa Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta. Yau na lura na kwana biyu ban yi ta ba. Ba wai na daina ba ne. Sauri nake yi.

Talata, 1 ga Agusta

Mubaraka ta tambaye ni me ya sa Abba yake kwana wurin babur. Na ce gadinsa yake yi. Ta ce to ɓarayin ba sa tafiya ne?

Na gaji. Na same shi a zaure yana gyaran fitilar hannu, na ce jibi zan je wurin Iya da kaina, in ta ce ƙarya ne ka dawo ɗakinka, kuma kada in ƙara jin zancen nan har abada. Ya ce, "In ta ce ba ta sani ba ma ya ishe ni." Ya rame. Wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Shi ya so.

Alhamis, 3 ga Agusta

Na je, na dawo.

Na sauka Kwanar Dangora na canza mota, na sayi goro da sabulu. Daga Tudun Wada babur na hau, hanya duk taɓo. Gero ya fi mutum tsawo. Ina tafe ina shirya yadda zan yi tambayar, da yadda zan dawo in tsaya a kan Surajo in faɗa masa amsar.

Na tarar da Iya a gindin tsamiyar tana ɓarar gyaɗa. Kunnenta ya yi nauyi amma bakinta yana nan garau. Ta yi murna, ta yi min faɗan ramewa, ta ce ko ciki ne. Na ce a'a. Ban kai ga tambaya ba, wallahi ban kai ba. Hirar jikarta da aka aurar ce ta jawo zancen, Iya take cewa Allah ya sa in ta haihu a asibiti za ta haihu, don 'yan yanzu sun huta da abin da aka yi wa uwata. Na ce me aka yi mata?

Ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ai ke da kuka kika zo duniya. Kakarku ta tatsi nonon uwarki a ludayi, ni na kamo tururuwar da hannuna a gindin bishiyar nan. Tana faɗawa ta miƙe ƙafa. Aka ce ba za ki sha ba. Kika yini kina ihu, madarar akuya kika ƙi, ruwan dabino kika tofar. Can da la'asar sai ga..."

Na miƙe. Na ce, Iya, ban yi azahar ba, ina buta? Na ɗauki buta na zaga bayan ɗaki. Na yi alwala, na yi salla, na ja ta da tsawo. Da na sallame na ce hadari ya haɗo, zan rasa mota. Ta biyo ni har zaure tana cewa ki tsaya mana ki ci abinci, ni kuwa ina ta sauri kamar wadda ta yi sata.

A mota na yi ta lissafi. Sai ga wa? Mai yiwuwa maƙwabciya ce. Mai yiwuwa unguwarzoma ce da wani magani. Mutane nawa ne ke shigowa gida da la'asar?

Surajo yana ƙofar gida yana jirana. Na ce, "Iya ba ta ce kowa ya shayar da ni ba." Kuma ba ta ce ba. Duk wanda ya ce na yi ƙarya ya zo mu dafa Alƙur'ani.

Ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hannu biyu. Yana ta alhamdu lillahi, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai yau.

Juma'a, 4 ga Agusta

Ya dawo da shimfiɗarsa ɗaki tun da safe, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ya sayo tsire bayan masallaci. Na ci nasara.

Na ce masa ba na salla.

Lahadi, 6 ga Agusta

Ba komai ba ne. Gajiyar hanya ce, jikina yana son hutu. Mace ba ta da ikon ta huta?

Matsalar ɗaya ce. Tunda na ce ba na salla, ba dama ya gan ni ina yi. Azahar da la'asar da sauƙi, yana wurin aiki. Magariba da isha ina jira ya fita masallaci, in shige kicin in tura ƙofa, in shimfiɗa buhu tsakanin murhu da randa. Mutane suna ɓuya su yi saɓo, ni Malama Khairiyya ina ɓuya in yi salla.

Alhamis, 10 ga Agusta

Na yi wa Malam Sale bayani kamar yadda na yi wa Surajo. Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya dube ni ta saman tabarau ya ɗan jima. Ya duba ya gaji.

Litinin, 14 ga Agusta

Kwanakin rashin sallar sun wuce yadda na saba, ya kuma sani, ba yaro ba ne. Ya ce ko mu je asibiti. Na ce zai wuce.

Abin haushi, ban taɓa son sa kamar yanzu ba. In ya shigo da ƙafafunsa duk laka daga gonar shinkafa, ya tsuguna yana wankewa a bakin rariya, sai in ji zuciyata kamar ta fito. Sai ya matso ya dafa kafaɗata, sai jikina ya sandare. Ni na yi yaƙin nan, ni na dawo da shi. To wace ce wannan da take janye kafaɗa? Ban san ta ba, kuma ban gayyace ta ba.

Laraba, 16 ga Agusta

Mubaraka ta tona ni. Muna cin abinci ta ce, "Abba, Umma a kicin take salla, goshinta har da toka."

Ya ajiye cokali. Na jira ya tambaye ni me Iya ta ce. Na shirya faɗa, na shirya kuka, na shirya komai. Ya tura yarinyar ta wanke hannu, sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Khairi, ni ban ji komai ba. Abin da kika faɗa min ranar nan shi na riƙe. Ki bar shi haka, don Allah."

Alhamis, 17 ga Agusta

Ka ji mutum. Shi ne fa mai tsoron Allahn da ya kwashe filo ya gudu zaure a kan maganar mace ɗaya. Shi ya sa aka yi ta nuna ni a unguwa kamar ni ce mai taurin kai, shi salihi. Yanzu da ya ga alamar akwai magana, sai ya toshe kunne ya ce in bar shi haka. Wato ni in ɗauki kayan ni kaɗai, shi ya yi barcinsa da zuciya fara. Ranar lahira ya ce matata ce ta faɗa min.

Ban yarda ba. In wuta ce mu shiga tare, in ruwa ne mu sha tare.

Kuma na ji daɗi da ya faɗa. Wannan ma gaskiya ce. Na ji daɗi har cikin ƙashina cewa ya fi son ya zauna da ni a cikin duhu da ya rasa ni. Na yini ina juya maganar a raina kamar alewa. Allah ka gani, ba na ɓoye maka.

Talata, 22 ga Agusta

Na yi addu'ar nan yau. Bakina ne ya riga ni.

Laraba, 23 ga Agusta

Gobe zan koma wurin Iya. Kifi kawai zan kai mata, wancan zuwan na manta. Na ce wa Surajo ya nemi izini a wurin aiki ya raka ni, hanya ba kyau. Ya ce ba sai ya je ba. Na ce sai ka je. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kin san abin da kike yi?" Na ce kifi zan kai.

Na sauko da kwalbar man shanun nan, don kada ta lalace a banza. Na yi masa tuwon dawa miyar kuka, na zuba man har yana kwanciya a sama, yadda yake so. Ya cinye. 

Alhamis, 24 ga Agusta

Na yi azahar ɗina tun a Tudun Wada, don kada in sami dalilin neman buta.

Iya ta gama labarinta. Bafulatana ce mai tallan nono, doguwa, mai wushirya, da ɗa namiji a baya wanda ya fara tatata. Sunanta ya ɓace mata, ta yi ta taɓa goshi, can ta ce, "Turai. Turai mai kunya muke ce mata, don ko shayar da ke sai ta juya wa mutane baya." Ta yi dariya. Ta ce Allah ya saka wa baiwar Allahn nan, ko tana raye ko ta mutu, don ba don ita ba da ba ki kai suna ba.

Sai ta ga fuskokinmu.

A Kwanar Dangora muna jiran mota ya sayo rake ya fere min, kamar yadda yake yi tun muna sababbin aure. Na karɓa. Na riƙe shi a hannu har Tiga.

Lahadi, 27 ga Agusta

Malam Sale ya tambaye shi, ya ce ya gaskata. Ya tambaye ni. Na so in ce ban sani ba, har na buɗe baki. Na ce na gaskata.

Ya ce babu aure, kuma babu zunubi a kanmu na abin da ya wuce, Mubaraka 'yar halak ce kamar kowace 'ya. Ya fara yi min wa'azin haƙuri, na ce Allah gafarta Malam, a bar shi, ni ma na iya shi. Ba don wa'azin kowa na je ƙauye ba, kuma ba don matan Islamiyya ba. Kada wani ya ɗauka ya kayar da ni.

Asabar, 2 ga Satumba

Ya sami ɗaki a kwatas ɗin ma'aikata. Ya ce gidan nawa ne da yarinya. Na ce ba zan bar gidana ba, ban kuwa bar shi ba. Shi ya bari.

Talata, 5 ga Satumba

Ya zo ganin Mubaraka, ya yi sallama daga zaure kamar baƙo. Malam ya ce ba sai na yi lulluɓi a gabansa ba, tunda muharramina ne. Na zura hijabi har ƙasa kafin in fito.

Ban daina son sa ba, kuma ba wanda zai sa ni in ce na daina. Na duba babin daga farko har ƙarshe, aure aka haramta. Sauran tsakanina da Ubangijina ne, shi da ya sa min, shi ya san ranar da zai cire, in zai cire.

Juma'a, 15 ga Satumba. Doguwa.

Jiya muka zo. Mubaraka ce ta dame ni da zancen 'yan maruƙa, ba don haka ba me zai kawo ni. Daga bakin titi sai da muka yi tafiyar ƙasa, duwatsu a gabanmu, ciyawa har gwiwa.

Turai tana tatsar shanu muka iso. Ta ɗago ta gan ni, ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. Idon nata bai warke ba, ba ta ma ɗiga maganin daidai, na ga kwalbar a cike. Na ce mata ba don ita na zo ba. Ta ce to. Na ce kin raba ni da mijina. Ta ce haka ne. Na ce da kin bar ni na mutu a ranar da ya fi min. Nan ne ta ce a'a. Ta ce, "Ko yau aka miƙo min ke kina kukan nan, zan karɓa."

Ta shimfiɗa min tabarma a inuwar bukka, ta dama fura da kindirmo. Ta kawo ludayi biyu. Shekara bakwai ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba, jiya ta zauna ta sa ludayinta a ƙwarya ɗaya da nawa. Ba ta ce min Malama ba. Khairiyya ta ce, sunan ya fito mata a karkace don bakinta bai saba ba.

Ban san fuskar uwata ba, ina rarrafe ta rasu. Ban faɗa mata wannan ba, ba ruwanta.

Na ce gobe za mu koma, amma sai na ga an ɗiga maganin nan yadda likita ya ce, kuma ba mai yi mata a nan. Wataƙila mu kai Litinin. Furar ta yi tsami kaɗan, na faɗa mata. Na shanye duk da haka, Inna ta ƙara min.